Asalin ɗan Adam: Inda masana suka haɗu da inda suka rabu

Fiye da shekaru 40 ke nan masana kimiyya suna kai ruwa rana a kan tambaya guda: a ina ne mutum irin namu na yau ya fara bayyana, kuma ta yaya ya bazu har ya cika duniya?

Da farko muhawarar tsakanin ɓangarori biyu ce. A yau kuwa galibin masana sun amince cewa Afirka ce tushe, sai dai jayayya ta koma kan wane sashe na nahiyar. Yankin da aka fi ƙarancin bayani a kansa kuma shi ne Afirka ta Yamma, inda ƙasar Hausa take.

Kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar Hausa, manoman kudancin jihar Katsina, daga Funtua zuwa Malumfashi, sun san abin da ake kira gatarin aradu: ɗan dutse mai santsi, mai kaifi a baki guda, wanda akan tsinta a gona, ana kuma cewa tsawa ce ke jefo shi.

Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun ce hannun mutum ne ya wasa irin waɗannan duwatsu, tun kafin ƙarfe ya wadata. To daga ina kakannin masu wannan hannu suka fito?

Ra'ayi na farko: Kowane yanki da tushensa

Ɓangarorin biyu ba su da saɓani a kan mafarin labarin. Duka sun yarda cewa wasu halittu masu kama da mutum, waɗanda ke tafiya a tsaye kuma suna sassaƙa makaman dutse, sun fita daga Afirka kusan shekaru miliyan 2 da suka wuce.

An samu ƙasusuwansu a Dmanisi da ke ƙasar Jojiya, da tsibirin Java na Indunusiya, da kuma wani kogo kusa da birnin Beijin na ƙasar Sin. Masana na kiran akasarinsu Homo erectus.

Saɓanin ya taso ne a kan abin da ya biyo baya.

A shekarar 1984 wasu masana uku, Milford Wolpoff na Amurka, da Alan Thorne na Ostireliya, da Wu Xinzhi na Sin, suka gabatar da ra'ayin cewa jikokin waɗancan halittu ne suka yi ta sauyawa sannu a hankali a Afirka da Asiya da Turai, har suka zama mutanen yau.

A cewarsu, cuɗanya da auratayya tsakanin maƙwabta ce ta hana su rarrabuwa zuwa jinsuna daban-daban. Hujjarsu ita ce wasu siffofin fuska da haƙora da suka ce ana gani a tsofaffin ƙasusuwan wani yanki, ana kuma ganinsu a jikin mazauna yankin na yanzu.

Ra'ayi na biyu: Kowa daga Afirka

Ɗaya ɓangaren, wanda Chris Stringer na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan ya yi fice a cikinsa, ya ce sam ba haka ba ne.

A ganinsu, mutum irin na yau, wato Homo sapiens, a Afirka kaɗai ya bayyana. Daga bisani wani ɗan rukuni ya fita, ya bazu, ya maye gurbin tsofaffin jinsunan da ya tarar a Turai da Asiya.

Wannan ra'ayi ya samu ƙarfi a 1987, lokacin da Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka binciki wani nau'in ƙwayar halittar gado ta DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Sun yi amfani da samfur daga mutane 147 na sassa daban-daban na duniya.

Sakamakon ya nuna cewa silsilar iyaye mata ta dukkan mutanen tana komawa ga wata mace guda da ta rayu a Afirka kimanin shekaru 200,000 da suka shige.

Jaridun Turai da Amurka sun laƙaba mata sunan Hauwa'u, abin da ya jawo ruɗani. Masanan sun bayyana cewa ba su ce ita ce mace ta farko ba, domin akwai wasu matan da dama a zamaninta. Binciken nasu lissafin silsila ne, ba bayani ba ne a kan Nana Hauwa'u da Musulmi da Kirista suka sani a littattafansu.

Ƙasusuwa ma sun mara wa wannan ɓangare baya. A Omo Kibish da ke kudancin Habasha an tono wasu a 1967, waɗanda binciken 2022 ya ce sun kai aƙalla shekaru 230,000. A Herto, ita ma a Habasha, an samu ƙoƙunan kai masu shekaru kusan 160,000.

Akwai kuma hujja ta uku. Bambancin ƙwayoyin halitta tsakanin 'yan Afirka ya fi na duk sauran nahiyoyi yawa, kuma yana raguwa yayin da ake ƙara nisa da Afirka.

Misalinsa kamar manomi ne da ya ɗebi mudu guda na iri daga babban rumbu ya tafi sabuwar gona. Duk abin da gonar za ta haifar daga mudun nan ne, kuma ba zai taɓa kai yawan launukan da ke cikin rumbun ba.

Ta wace hanya aka fita?

Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa akasarin zuriyar mutanen da ke wajen Afirka sun fito ne daga wata fita da aka yi tsakanin shekaru 50,000 zuwa 60,000 da suka wuce.

Wasu masana na cewa ta Masar da yankin Sina'i aka bi. Wasu kuma na ganin ta mashigin Babul Mandab ne, tsakanin Jibuti da Yaman, a lokacin da ruwan teku ya ja baya, mashigin ya ƙara tsukewa.

To amma ba wannan ce fita ta farko ba. A kogon Misliya da ke Isra'ila an samu muƙamuƙin mutum mai shekaru kusan 180,000. A hamadar Nafud ta Saudiyya kuma an gano ƙashin yatsa mai shekaru fiye da 85,000, da sawun ƙafafu a bakin wani tsohon tafki masu shekaru kusan 120,000. Ana ganin waɗannan 'yan gaba ba su bar zuriya mai yawa ba.

Masu fita ta baya kuwa sun isa Ostireliya aƙalla shekaru 50,000 da suka wuce, suka kuma shiga Turai kimanin shekaru 45,000 da suka gabata. Nahiyar Amurka ce aka isa daga ƙarshe.

Kowa ya samu, kowa ya rasa

A 2010 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Svante Pääbo, ta cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, ta karanta DNA daga ƙasusuwan Neanderthal, wani tsohon jinsi mai ƙirar ƙarfi da ya zauna a Turai da yammacin Asiya har zuwa kusan shekaru 40,000 da suka wuce.

Abin da aka gano ya girgiza ɓangarorin biyu. Turawa da mutanen Asiya na ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 na gadon Neanderthal a jikinsu, ma'ana an yi cuɗanya har an haihu.

A wannan shekarar ce kuma aka gano wani jinsin na daban daga ɗan guntun ƙashin yatsa a kogon Denisova da ke Saberiya ta Rasha. Mutanen Papuwa Niugini na ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100 na gadonsa. Wannan aiki ne ya sa aka ba Pääbo lambar yabo ta Nobel a 2022.

Ke nan masu cewa Afirka ce tushe sun yi gaskiya a kan mafi yawan gadon ɗan Adam, amma batun cewa an maye gurbin tsofaffin jinsuna ba tare da auratayya ba ya faɗi. Su kuma 'yan ɗaya ɓangaren sun yi daidai a kan cuɗanya, sai dai ba ta kai yawan da suka zata ba.

Wani bincike na jami'ar Princeton a 2020 ya nuna cewa su ma 'yan Afirka, ciki har da 'yan Najeriya, suna da ɗan burbushin Neanderthal, kimanin kashi 0.3 cikin 100. An danganta hakan da mutanen da suka yi ƙaura suka dawo Afirka daga baya.

Wane sashe na Afirka?

An daɗe ana ɗaukar gabashin Afirka a matsayin mahaifar ɗan Adam. Sai a 2017 Jean-Jacques Hublin da Abdelouahed Ben-Ncer suka sanar cewa ƙasusuwan Jebel Irhoud da ke Maroko sun kai shekaru kusan 300,000. Fuskarsu irin tamu ce, amma ƙoƙon kan dogo ne kamar na tsofaffin jinsuna.

A 2019 wasu suka ce arewacin Botswana ne tushen, sai dai masana da yawa sun yi watsi da wannan, saboda ya dogara ne kan silsilar uwa kaɗai.

Daga nan ne ra'ayi na uku ya ƙara karɓuwa, wanda Eleanor Scerri da abokan aikinta suka fayyace a 2018. Suna cewa babu wani wuri guda da za a nuna a ce nan ne mafari. Al'ummomi ne a warwatse a faɗin nahiyar, fari da hamada su raba su, damina ta dawo ta sake haɗa su, kamar yadda rassan kogi ke rabuwa a fadama su sake gamuwa a gaba.

Idan haka ne, to kowane yanki na Afirka na iya riƙe da wani ɓangare na labarin.

Giɓin Afirka ta Yamma

A nan ne matsalar take. A duk faɗin Afirka ta Yamma, ƙasusuwan mutum guda ne kacal aka tabbatar sun haura shekaru 11,700, wato sun fito daga zamanin da ake wannan muhawara a kansa.

Thurstan Shaw na jami'ar Ibadan ne ya tono su a 1965 a kogon Iwo Eleru, kusa da Akure a jihar Ondo ta yanzu. Binciken da aka sake yi a 2011 ya ce ƙoƙon kan ya kai shekaru kusan 13,000, amma siffarsa ta fi kama da ta mutanen da suka rayu fiye da shekaru 100,000 kafin nan.

Dalilan ƙarancin a bayyane suke. Ƙasar yankin, musamman inda ruwan sama ke da yawa, tana cinye ƙashi, kuma zafi na lalata DNA. Bugu da ƙari, kuɗi da ƙwararrun da aka zuba a Kenya da Habasha da Afirka ta Kudu ba a zuba ko kusa da su a nan ba.

Duk da haka duwatsu sun ba da shaida. Masu haƙar kuza a tsaunukan Jos sun tono tsofaffin makaman dutse a wurare irin su Mai Idon Toro. A 2025 kuma aka sanar cewa mutane sun zauna a cikin kurmi kusa da Abijan na Kodebuwa shekaru 150,000 da suka wuce.

Jinin masu rai ma ya haifar da sabuwar jayayya. A 2020 Arun Durvasula da Sriram Sankararaman na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ce tsakanin kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadon wasu al'ummomin yankin, kamar Yarabawa da Mende na Saliyo, ya fito ne daga wani tsohon jinsi da ba a taɓa ganin ƙashinsa ba.

Amma wani binciken da aka wallafa a 2023 ya ce ba sai an kawo batun ɓoyayyen jinsi ba. Rabuwa da sake haɗuwar al'ummomin Afirka kaɗai sun isa su bar irin wannan alama.

Lokacin da Sahara ke kore

Ga mazauna ƙasar Hausa, babi mafi kusa shi ne na hamadar Sahara. Tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina na kaiwa can arewa, hamadar na cike da ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi na wancan lokaci ya haura murabba'in kilomita 300,000.

A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, tawagar Paul Sereno ta jami'ar Chicago ta ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000. An samu kaburbura kusan 200, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu an binne su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe.

Al'ummomi biyu ne suka zauna a wurin a lokuta daban-daban, wani dogon fari na kusan shekaru 1,000 ya raba tsakaninsu.

A Najeriya kuwa, a 1987 wani Bafulatani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt sun gano ya kai shekaru kusan 8,000, kuma shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka.

An daɗe ana ɗaukar koriyar Sahara a matsayin babbar hanyar ƙaura tsakanin arewa da kudu. Sai dai a 2025 an karanta DNA na wasu mata biyu makiyaya da suka rayu shekaru 7,000 da suka wuce a Takarkori, kudu maso yammacin Libiya, aka ga zuriyarsu ta daɗe a ware, ba ta cuɗanya sosai da mutanen kudu ba. Masu binciken suka ce mai yiwuwa sana'ar kiwo ta bazu ne ta hanyar koyo daga maƙwabta fiye da ta hanyar ƙaurar jama'a.

Hausawa fa?

Harshen Hausa na cikin dangin harsunan Chadi, waɗanda suka haura 150, irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Margi da Angas. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna tun a shekarun 1950 cewa wannan dangi reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar.

Ana ganin alamar zumuncin a kalma irin "mutu", da harafin "t" mai nuna mace, da kuma "ma" da ke farkon kalmomi kamar mabuɗi da masaƙa. Waɗannan gadon kakanni ne, ba aro ba ne irin na kalmomin da suka shigo tare da Musulunci.

Masanin tarihi Christopher Ehret na ganin masu waɗannan harsuna sun gangaro ne daga tsakiyar Sahara. Roger Blench kuma na cewa daga gabas suka biyo, ta wani tsohon kwarin kogi da ke Sudan, tare da dabbobinsu.

A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa a birnin Rum suka gano wata alama a silsilar gado ta wajen uba, mai suna R-V88, wadda ta yawaita tsakanin masu magana da harsunan Chadi, ciki har da Hausawa. A wata ƙaramar ƙabila ta arewacin Kamaru ta haura kashi 90 cikin 100 na mazan da aka gwada. Danginta na kusa suna Turai da yammacin Asiya.

Wasu masana na cewa ta tsallako ne lokacin da Sahara ke kore. Wasu kuma na ganin ta shigo daga baya, tare da Larabawa makiyaya.

Ana dai taka tsantsan a nan, saboda tarihi. A zamanin mulkin mallaka marubuta irin su C. G. Seligman sun yaɗa cewa duk wani ci gaba a Afirka baƙi masu hasken fata ne suka kawo shi. Masana tarihi na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, sun ƙalubalanci wannan, suna cewa daulolin Hausa sun tsiro ne daga noma da ƙira da kasuwancin mutanen ƙasar, ko da kuwa labarin Bayajidda na da matsayinsa a al'ada.

Silsilar uba zare guda ne daga cikin dubban kakannin mutum. Harshe kuma ana koyonsa ne, ba a jini yake ba, kamar yadda duk wanda ya san yadda Funtua ta tara jama'a daga ko'ina, bayan zuwan jirgin ƙasa da cinikin auduga, zai shaida.

Gonakin yankin ma shaida ne. Wasu daga cikin mafi tsufan burbushin geron gida an same su ne a kwarin Tilemsi na Mali, masu shekaru kusan 4,500. Na dawa kuma kusa da Kassala a gabashin Sudan, masu shekaru kimanin 5,000. Masara kuwa, wadda ta mamaye gonakin Funtua da Bakori da Ɗandume, daga Meziko ta samo asali, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492.

Me ya shafi talaka?

Amfanin farko na lafiya ne. Kusan ɗan Najeriya guda cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon cutar sikila, kuma ƙasar ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar.

An daɗe ana ɗauka cewa ƙwayar ta ɓulla sau da dama a wurare daban-daban. Amma a 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wani ɗan Najeriya da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, suka ce sau ɗaya ta ɓulla, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce, ta kuma bazu saboda tana ba mai ɗauke da guda ɗaya kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Galibin binciken ƙwayoyin halitta da likitoci ke dogaro da shi an yi shi ne a kan Turawa. Da shirin H3Africa ya binciki 'yan Afirka 426 kacal daga ƙasashe 13, a sakamakon da ya fitar a 2020, sai ga bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Na biyu shi ne abin da ake asara. Tun a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya mutum-mutumin yumɓu na Nok, da na yankunan Katsina da Sakkwato, cikin jerin kayan tarihin Afirka da aka fi wawashewa. Akasarin na Katsina an san su ne ta hannun 'yan kasuwar Turai, ba ta hanyar tonon masana ba.

Shi ma wurin nan na kusa da Abijan, masu haƙar ƙasa sun lalata shi bayan masana sun ɗebi samfurinsu.

Dokar Najeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta haramta tonon kayan tarihi ba tare da izini ba. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Katsina, akwai kuma sashen nazarin kayan tarihi a jami'ar Ahmadu Bello, wadda ba ta da nisa da Funtua.

Masana sun ce abin da suka fi buƙata daga manomi ko mai haƙar rijiya da ya ci karo da tukunya, ko ƙashi, ko sassaƙaƙƙen dutse, shi ne ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai gari ko hukuma. Domin kuwa daga zurfin ƙasa da gawayin da ke kewaye da abu ake gane shekarunsa, kuma da zarar an ɗauke shi daga makwancinsa, wannan bayani ya tafi ke nan.